Shirun da na yi bayan zikirin Juma'a

 

Ƴan'uwa, Juma'ar da ta wuce, bayan an tashi daga zikiri, hira ta kai mu Gaza. Wani ɗan'uwa, idonsa cike da ƙwalla, ya ce da ma Hitila ya ƙarasa aikinsa. Na yi shiru, kuma shirun ya hana ni barci.

Fushinsa yana da tushe. A 1948 an raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da gidajensu, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. A watan Disamba na shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 194 kan komawarsu gida. Har yau jikokinsu na sansanonin Labanan da Jodan, wasu riƙe da makullan ƙofofin da babu su. Duk mai cewa azabar da Yahudawa suka sha a Turai ta halatta wannan, ya ɗora wa manomin Falasɗinu bashin da Jamus ta ci.

Amma Yahudawa kusan miliyan 6 da ƴan Nazi suka hallaka a yaƙin duniya na biyu, har da jarirai, ba su ƙwace gonar kowa ba. An kashe su tun ba a kafa Isra'ila ba. A Albaniya, iyalan Musulmi da na Kirista sun ɓoye su cikin ɗakunansu, suna sane cewa rayukansu suka sa a haɗari. Su waɗannan Musulmin za mu ce sun yi kuskure?

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye. Da aka gaya masa ko gawar wane ne, sai ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuwa ta hana ƙiyayya ta karkatar da mu daga adalci. Shehunnanmu kan ce nafsu ta iya sa rigar kishin addini, ni kuma a daren nan na ga tawa: tsoron a ce ba na kishin Falasɗinu ne ya rufe mini baki.

Gobe bayan wazifa zan ja ɗan'uwan nan gefe, mu biyu kawai. Ku sa mu a addu'a.