Me Ake Saye Idan An Sayi Bindigar da Ta Zubar da Jini?

A watan Yunin 2019, a gidan gwanjo na Drouot da ke birnin Faris, an sayar da wata tsohuwar libarba ƙirar Lefaucheux a kan Yuro 162,500. Tsatsa ta gama cinye ta, ko harsashi ɗaya ba za ta iya fitarwa ba. Wani manomi ne ya tono ta a gona a ƙauyen Auvers-sur-Oise a shekarun 1960, kuma ana zaton da ita ce mai zanen nan Vincent van Gogh ya harbi kansa ranar 27 ga Yulin 1890, ya cika bayan kwana biyu.

To, me mai sayen ya kai gida? Irin wannan libarba an ƙera ta birjik a ƙarni na 19, kuma lafiyayyarta ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi. Abin da ya ɗaga farashin shi ne mutuwar da aka jingina mata. Haka 'yar'uwarta, wadda mawaƙin Faransa Paul Verlaine ya harbi abokinsa Arthur Rimbaud da ita a hannu a Brussels a 1873: a 2016 ta tashi a kan Yuro 434,500. Ita kuwa bindiga ƙirar Colt da Pat Garrett ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a Fort Sumner a 1881, ta haura dala miliyan 6 a 2021. A wannan kasuwa, jinin sanannen mutum shi ne ke yanke farashi.

Abin da ke burge ni da masu tara waɗannan kaya shi ne tsananin bin diddiginsu, wanda ke tuna mini da malaman hadisi. Malamin hadisi ba ya karɓar magana sai an faɗa masa wa ya ji daga wa, har a kai tushe. Su ma haka: lambar da aka buga a jikin ƙarfen, wasiƙar kamfanin da ya ƙera, rasidin ciniki, takardar kotu. Bindigar Garrett isnadinta ingantacce ne. An san ya karɓe ta daga wani ɗan ƙungiyar Billy da ya kama, an san ta yi shekaru a wata mashaya a El Paso, an san matar Garrett ta je kotu ta karɓo ta bayan rasuwarsa. Ta Van Gogh kuwa isnadinta yankakke ne: shekara fiye da 70 tana cikin ƙasa ba mai ruwaitowa. Har ma wasu marubuta tarihinsa guda biyu sun fito a 2011 suna cewa wataƙila wasu samari ne suka harbe shi. Duk da haka an biya. Sai dai malamin hadisi yana wahalar bin sarƙar ne don ya samu maganar da zai yi aiki da ita. Sarƙar mai tara bindiga kuwa a kan gawa take ƙarewa, daga nan ba wani aiki da ya rage sai kallo.

Shin mallakar irin wannan abu laifi ne? A fahimtata, ƙarfe ba ya ɗaukar zunubi. Ba a yi masa umarni ba, ba a yi masa hani ba, ba kuma za a yi masa hisabi ba. Wuƙar da aka yi kisa da ita, in an wanke ta an yanka ragon Layya, naman halal ne. Kamar yadda ƙarfen bai gaji laifin Verlaine ba, haka bai gaji baiwar Van Gogh ba. An ruwaito cewa Halifa Umar ya sa an sare bishiyar da aka yi mubaya'a a ƙarƙashinta a Hudaibiyya da ya ga mutane sun fara ziyartarta. Idan an ji wa zukata tsoron bishiyar da aka yi alheri a inuwarta, ina ga bindiga? Ashe shari'ar ba ta ƙarfen ba ce, ta zuciyar mai shi ce.

Masu tara kayan suna da hujja, kuma ba na raina ta. Suna cewa ba don su ba da tuni an narkar da kayan tarihi da dama. Gaskiya ne. Akwai kuma wanda ya gaji bindigar kakansa maharbi ko tsohon soja, yana ajiye da ita don ƙaunar mai ita. Wannan ban da shi a maganata.

Amma mu duba gida. Motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, da hujojin harsasai a jikinta. Ɗalibai na zuwa su gani, malami ya ba su labari, su tafi da darasi. Da a ce wani attajiri ne ya saye ta a gwanjo, ya girke ta a farfajiyarsa yana nuna wa baƙi bayan cin abinci, da ranmu ya ɓaci, alhali motar ita ce dai. A wuri na farko amana ce ta jama'a. A na biyu ta zama abin tinƙaho, mutuwar wani ta koma adon gidan wani.

Saboda haka ma'aunina ga duk mai riƙe da irin wannan bindiga guda ɗaya ne. Ya ɗauka 'ya'yan wanda aka harba sun yi masa sallama. Zai iya fito da ita ya nuna musu, ya faɗi nawa ya biya da dalilin da ya sa ya biya, ba tare da ya sunkuyar da kai ba? In zai iya, ya ci gaba da ajiyarsa. In ba zai iya ba, ya miƙa ta gidan tarihi.