Faci da Gaskiya a Tsohon Daɓen Kwalta

Daɓen kwalta, wato shimfiɗar ƙasan ɗaki da ake yi da narkakkiyar kwalta haɗe da garin dutsen farar ƙasa da tsakuwa, ya yaɗu a Turai cikin ƙarni na 19, musamman bayan da Richard Claridge ya yi rajistar fasahar a Ingila a 1837, yana amfani da dutse mai kwalta da ake haƙowa a Seyssel ta ƙasar Faransa. An shimfiɗa shi a makarantu da asibitoci da masana'antu saboda yana hana danshi ratsowa, kuma akan zuba masa jan garin tsatsar ƙarfe idan ana son ya yi launi. Da yawa daga waɗannan gine-gine sun zama kayan tarihi a yau, daɓensu kuwa ya tsage ko ya lotsa, don haka tilas a yi masa faci.

Matsalar farko ta kayan aiki ce, domin mahaƙar Val de Travers ta Suwizalan, wadda ta daɗe tana ciyar da wannan sana'a, ta rufe tun 1986, kuma kwaltar yanzu galibi daga matatun man fetur take fitowa, launinta da sheƙinta ba su cika dacewa da na da ba. Gwanin aiki ba ya sarar tsohon daɓe da guduma yana sanyi, saboda tsagar za ta bi ta yi nisa. Yakan ɗora zazzafar kwalta a bakin wurin da ya lalace har ya yi laushi, sannan ya yanke shi, ya zuba sabuwa, ya baje ta da katako, ya murza yashi a kai kafin ta huce, ta yadda tsoho da sabo za su narke su haɗe.

Daga nan ne tambayar falsafa take tasowa: shin facin da ya ɓace wa ido gwaninta ce, ko kuwa ha'inci ne ga mai kallo? Viollet-le-Duc, masanin gini na Faransa, ya ɗauki gyara a matsayin mayar da gini cikakke, ko da bai taɓa kasancewa haka ba a wani zamani. John Ruskin, marubuci ɗan Ingila, ya yi tir da irin wannan ra'ayi a 1849, yana ganin irin wannan gyara ƙarya ce, kuma a kan tafarkinsa William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta nemi tsakiya, inda ta ce abin da aka ƙara ya dace da sauran ginin, amma a iya bambanta shi da na asali. Mai karatun fiƙihu zai gane damuwar, domin malamai sun hana ɓoye aibin haja ga mai saye, kuma wanda ya zo ganin gidan tarihi amana ya ba masu kula da shi, cewa abin da aka nuna masa da sunan tsoho tsoho ne.

Kwalta tana ƙara wa tambayar zurfi, saboda ana iya fasa tsohon daɓe gaba ɗaya a narkar da shi a sake shimfiɗawa. Kayan suna nan yadda suke, ba a kawo baƙo ba, amma kwarin da ƙafafu suka yi a bakin ƙofa cikin shekaru ɗari, da sawun ƙafar injin da ya nutse a inda aka girke shi, da santsin da goga ta bari, duk sun tafi. Wannan yana nuna cewa tsufan daɓe yana cikin shaidar amfanin da aka yi da shi fiye da sinadarin da aka haɗa shi da shi, kuma wannan shaida ba ta ƙeruwa. Mai gyaran da ya goge sabon faci da gangan har ya yi kama da wanda aka daɗe ana takawa ya ƙirƙiro tarihin da bai faru ba, komai kyan niyyarsa.

Abin da ya dace shi ne a yanke iyakar wurin da ya mutu kaɗai, a daidaita launi da girman tsakuwa gwargwadon iko don kada facin ya ɓata kyan ɗakin, a bar layin haɗin ya bayyana ga wanda ya sunkuya ya duba, sannan a rubuta wurin da shekarar gyaran a kundin ginin.