Inshorar Jirgin Ruwa da Tawakkali

A ƙasar Suwidin kamfanin Candela yana ƙera jiragen ruwa masu aiki da batir, waɗanda fukafukan ƙarƙashinsu ke ɗaga su bisa ruwa idan sun ɗauki gudu. Kututture guda na iya karya fiffike mai tsada, shi ya sa mai jirgi kan nemi inshora.

Shin wannan ya saɓa wa tawakkali? A'a, domin Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi, sa'an nan ya dogara ga Allah. Abin dubawa shi ne irin yarjejeniyar. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato biyan kuɗi a kan abin da ba a san aukuwarsa ba. Ta halatta ta taimakekeniya, inda ake tara gudummawa domin wanda hatsari ya afka wa. Allah ne Masani.