Yaushe Haƙƙi Yake Hawa Wuyan Mutum?

Yaushe ne haƙƙin ma'aikaci yake hawa wuyan wanda ya sa shi aiki: ranar da ya yi aikin, ko ranar da aka ƙirga masa kuɗi a hannu? Tambayar ta yi kama da ta zauren malamai, amma akantoci ne ke amsa ta a aikace duk ƙarshen shekara, kafin su rufe littattafai.

Hanyoyin lissafi biyu ne. Ta farko ba ta san komai ba sai tsabar kuɗi: abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta. Ta biyu aikin take bi: da zarar an sayar da kaya ko an ci moriyar wani, sai a rubuta, ko da sisi bai motsa ba. Ita ce ke wajabta gyare-gyaren ƙarshen shekara. Wutar lantarkin da aka sha a Disamba amma takardar biya ba ta zo ba sai Janairu, kuɗin hayar da aka biya tun gaba, darajar injin da ta ragu saboda aiki, bashin da aka fid da rai da shi, kowanne sai an zaunar da shi a shekararsa.

A ɗauka wata masana'anta za ta biya ma'aikatanta naira miliyan 3 ranar 5 ga Janairu, ladan kwana 15, alhali kwana 10 daga ciki a Disamba aka yi su. Ranar 31 ga Disamba akanta zai rubuta miliyan 2 cikin abin da shekarar ta ci, ya kuma rubuta su a matsayin bashin da ma'aikata ke bin kamfani. Washegari sai ya juya wannan rubutu. Idan ranar biya ta zo, aka shigar da miliyan 3 gaba ɗaya kamar yadda aka saba, miliyan 2 ɗin da aka juya za su fita daga ciki, sabuwar shekara ta ɗauki miliyan 1 kacal. Juyawar ba tilas ba ce, ana yin ta ne don kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Kuma ba gogewa ake yi ba. Rubutun farko yana nan, na biyu yana nan, mai bincike yana ganin duka.

Wanda ya karanta babin zakka a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ba zai ji wannan baƙo ba. Malikawa sun bambanta mai ajiye kaya yana jiran farashi ya tashi da ɗan kasuwar da hajarsa ke juyawa kullum. Na farko ba ya fitar da zakka sai ya sayar. Na biyu kuwa, idan shekara ta zagayo, sai ya yi wa kayan shagonsa ƙima, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran karɓowa, ya fitar da ɗaya cikin 40. Bashin da ake bin sa kuma yana rage abin da za a ƙirga, sai dai in yana da wata kadarar da za ta tsaya wa bashin. Ashe a idon fiƙihu ma dukiyar mutum ba ta tsaya ga abin da ke aljihunsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Akwai mai cewa rubuta kuɗin da ba su motsa ba ƙofa ce ta ƙarya, tunda ƙiyasi ne. Yana da hujja. A 2014 kamfanin kantuna na Tesco da ke Birtaniya ya amsa cewa ya kumbura ribar da ya yi hasashe da kusan fam miliyan 250, ta hanyar gaggauta rubuta kuɗin da zai samu daga masu kawo masa kaya da jinkirta rubuta abin da ya kashe. A 2017 ya amince da tarar fam miliyan 129. Abin da aka taɓa shi ne lokaci, kuma hakan ya isa ya yaudari masu hannun jari.

Sai dai komawa ga tsabar kuɗi zalla ba magani ba ne, domin can zalunci ya fi samun wurin ɓuya. Hukumar da ta riƙe albashi ko fansho na watanni, littafinta zai nuna ba ta kashe da yawa ba, wanda ba a biya ba kuma babu shi a lissafi sam. Tun daga Janairun 2016 gwamnatin Najeriya ta tsayar da cewa hukumominta su koma tsarin da ke rubuta bashi tun ranar da ya tabbata.

Saboda haka haƙƙi yana hawa wuya ne ranar da aka ci moriyar gumin wani, biya kuwa sauke shi ne kawai. Duk mai kamfani ko shago da zai rufe shekara, kafin ya kira wani abu riba, ya fara jera sunayen leburori da masu kawo kaya da mai gidan haya da ke bin sa, ya rubuta abin da kowa ke bi.