Ɗumin Teku, Ƙarancin Damina da Rumbun Uwargida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah mai saukar da ruwan sama, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yar uwa, wata baiwar Allah ce ta tare ni bayan an tashi daga Islamiyya, ta ce ta ji a rediyo wai ɗumin wani teku ne ke rage damina, shin faɗin haka ba shirka ba ne? Tambayarta tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu bn Khalid (RA) cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, bayan sallar asuba Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda ya jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce.

To amma ki lura, tauraro ba shi da hannu a ruwa. Iska da gajimare kuwa Allah da kansa ya ambace su a matsayin sababi, ki duba Suratur Rum aya ta 48.

Ga yadda abin yake. A tekun Fasifik, iska takan kora ruwan da rana ta ɗumama daga gaɓar Kudancin Amurka zuwa yamma, wajen Indonesiya, can tururi ke tashi ya zama hadari. Duk bayan shekara 2 zuwa 7 sai iskar ta yi rauni, ruwan ɗumin ya koma tsakiya da gabas, hadarin ya bi shi. Ke da kike girki kin sani, inda wuta ta fi cin tukunya nan tururi ya fi tashi. Masuntan ƙasar Peru ne suka sa wa abin suna El Nino. Idan ya zo, daminar Indiya takan yi rauni. A 2009 ruwan ya gaza da kusan kashi 22 cikin 100. Mu ma yakan taɓa mu. Farin 1972 zuwa 1973 da na farkon shekarun 1980, waɗanda iyayenmu ba sa mantawa, sun zo tare da shi, duk da cewa yanayin tekun Atlantika, inda iskar daminarmu ke tasowa, shi ma yana da nasa rabon.

Kuma ba kullum ba. A 1997 an yi El Nino mai ƙarfi, aka tsorata, sai Allah ya ba Indiya damina daidai. Ashe masanan hasashe suke yi daga abin da suka auna, gaibu na Allah ne.

Kada ki ce ina ruwana da Indiya. A Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafa don tsoron ƙarancin abinci, farashi ya tashi a kasuwannin duniya, sai a Satumbar 2024 ta janye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke fahimtar tawakkali. Annabi Yusuf (AS) da ya san shekara bakwai na fari suna tafe, cewa ya yi a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan, a adana saura. Shi kuwa Sayyidina Umar (RA), a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, ya aika neman abinci, ya hana kansa nama da man shanu, sannan ya fita roƙon ruwa. Mu fa? Da kaka a sayar da gero a yi anko, tuwon dare ya kwana a zuba a bola, Yuli na zuwa a shiga bashin kwano.

Don haka idan Hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, ki saurara, ki kuma tattauna da maigida cikin ladabi, musamman in manomi ne, a kan iri mai saurin nuna. Kuɗin adashi ki sayi hatsi da kaka, ki busar da kuɓewa da tumatur da kuka. In an fita roƙon ruwa, ki tashi yara su je, ke ma ki yawaita istigfari. Kuma a cikin abin da kika ajiye, ki ware kwanon maƙwabciyar da mijinta ya rasu.

Wassalamu alaikum.