Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A ɗakin kakata akwai wata kwalba da ba mai taɓa ta. Tana ƙarƙashin gado, bayan jeren kwalla, an toshe bakinta da tsumma an naɗe da zare. Zuma ce a ciki, ta yi duhu, ta yi kauri, ta ƙasan har ta daskare kamar jiƙaƙƙen yashi. Idan an kawo sabuwar zuma daga ƙauye, ita ake lasa mana, ita ake ɗiga wa masa. Ta kwalbar kuwa sai tari ya hana wani barci, ko ruwan zafi ya taɓa hannun yaro, sannan tsohuwa za ta durƙusa ta jawo ta, tana kwance zaren tana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na daɗe ina zaton bayanin abin da take yi ne kawai. Sai da na girma na ji ana faɗin maganar a inda babu zuma ko ɗigo: ranar da kukan jariri ya gagari amarya uwargida ta karɓe shi ya yi shiru, ko ranar da injin niƙa ya fi ƙarfin samari aka aika a kira tsohon makaniken da ya ajiye aiki.

Da yawa suna jin karin maganar nan kamar kirari ne ake yi wa tsufa. Ni ina ganin ta wuce nan. Ai ba kowane abu daɗewa ke ƙara wa daraja ba, miya ta kwana biyu sai zubarwa. Abin da ya sa zuma ke jure shekaru, aikin da aka yi mata ne tun tana amya. Ƙudan zuma yana kwaso ruwan fure tsararo, ya yi ta yi masa fifita da fukafukai har ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, sannan ya rufe da kaki. Abin da zai ruɓe an riga an fitar da shi. Bayan wannan kuma sai an sami mai haƙurin da zai ga zaƙi a gabansa ya ƙi shanyewa, ya toshe ya ajiye don ranar buƙata. Duk girkin da aka gada daga hannu zuwa hannu, da wannan tacewa da wannan adanawa ya iso gare mu.

A Niyukasil na fara gane haka, can arewa maso gabashin Ingila, shekarar da na je karatu. Maƙwabciyata dattijuwa ce da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ranar da na tare ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da faranti rufe da tawul. Abin da ke ciki sikon suke kiransa: ɗan curin burodi ne mai tudu, bai kai dunƙulen hannu ba, samansa ja-ja, cikinsa fari mai laushi, yana rabewa biyu da yatsa ba sai an sa wuƙa ba. Bai kai kek zaƙi ba, ba shi kuma da danƙon burodi. Da ɗuminsa ake ci, a shafa bota ko jam, a kora da shayi. A kudu maso yammacin ƙasar, mutanen Debon da na Konwal har yau ba su daidaita ba kan abin da ake fara shafawa, kirim ko jam. Kowa yana riƙe da yadda ya tarar ana yi a gidansu.

Na nemo yadda ake yinsa a intanet, na auna komai a sikeli, na bi bayanin layi bayan layi. Abin da na fitar daga oben ya yi tauri, ya ƙi tashi, ya karkace gefe guda. Na kai mata. Ta ɓalli ɗaya, ta dubi cikinsa, ta ce in zo gidanta da safe.

Da na je ta ɗauko wani siririn littafi na kamfanin fulawa na Be-Ro, wanda asalinsa ɗan garin ne. Tun 1923 kamfanin ya fara raba irin wannan littafi kyauta don mata su saba da fulawarsa mai haɗe da hodar tashi, kuma gidaje da dama a arewacin Ingila suna da kwafin da uwa ta bar wa 'ya. Nata na mahaifiyarta ne. Shafin sikon ya sha maiƙo har haske na ratsa shi. Na karanta: fulawa oza 8, wato kamar giram 225, bota wajen oza 2, ɗan sukari, ɗan gishiri, madara. Abin da na bi jiya ke nan. Takardarta da tawa bakinsu ɗaya.

Ta kunna famfo ta tara hannuwanta a ruwan sanyi, ta goge. Ta fito da bota daga firji, ta yayyanka a cikin fulawa, ta shiga murzawa da kan yatsu kaɗai, tana ɗaga hannu sama fulawar na zubowa, tafinta bai taɓa ba ko sau ɗaya. Da ya zama kamar tsaki sai ta tsaya. Ta zuba madara, ba duka ba, ta juya da wuƙar cin abinci, ta dubi ƙullin, ta ƙara ɗan ɗigo. Ni da na saba da kwaɓin cincin har na miƙa hannu zan luguiguita, sai ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Bar shi haka, ɗiyata. Ba ya son a dame shi." Ta tattara shi da taɓawa uku ko huɗu, ta daddanna da tafi har kaurinsa ya kai faɗin yatsu biyu, ta tsoma bakin kofi a fulawa ta danna tsaye ta cire tsaye. Ta ce idan aka murɗa kofin gefen yana liƙewa, shi ya sa nawa ya karkace. Oben ya riga ya yi zafi sosai, wajen digiri 220. Minti goma sha biyu suka yi, kuma ba agogo ta duba ba, ƙamshi ne ya tashe ta daga kujera.

Daga baya na fahimci dalilin kowane motsi. A alkama akwai sinadarin da ke yin danƙo idan ya haɗu da ruwa aka yi ta murza shi. Burodi da taliya wannan danƙon suke nema, sikon kuwa shi ne maƙiyinsa. Sanyin hannu don kada botar ta narke ne kafin ta shiga wuta, domin a can ake so ta narke ta bar ƙananan ramuka. Dattijuwar ba ta yi mini ko ɗaya daga wannan bayani ba. Mahaifiyarta ta riƙe mata wuyan hannu a daidai wurin da ta riƙe nawa, iyakar hujjarta ke nan, kuma ta ishe ta. Wata mace can baya ta yi asarar fulawarta ta gano cewa murza na ɓata shi, wata ta gano murɗa kofi na hana shi tashi. Kowace ta biya da kayanta da kunyar ajiye abu mai tauri gaban baƙo. Ni a safiya ɗaya aka miƙo mini sakamakon, an tace, babu ɗacin.

A gefen shafin akwai rubutun fensir da ya kusa gogewa. Hannun mahaifiyarta ne, daga shekarun yaƙin duniya na biyu, lokacin da gwamnati ta ƙayyade wa kowa bota da sukarin da zai saya. An fara a 1940, kuma ƙayyade abinci bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1954. Ta rubuta abin da za a sa idan babu bota, ta rubuta cewa madarar da ta fara tsami ta fi kyau, kada a zubar. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san shi daga gida. Tsamin madara yana haɗuwa da soda ya ba da iskar da ke ɗaga ƙulli, kuma kanwa 'yar'uwar soda ce. Macen da ke ɗiga ruwan kanwa a ƙullin masa don ta karya tsaminsa, da waccan da ke ajiye madarar jiya don sikon, ilmi ɗaya suke riƙe da shi, kuma babu wadda ta koya a aji.

Fensirin nan ne ya sa ba na yarda idan na ji an ɗauko karin maganar zuma don a toshe bakin mai sabon tunani. Sikon da kansa bai tsaya yadda aka fara shi ba. A Sikotilan, inda sunansa ya bayyana a rubuce tun 1513, faffaɗar waina ce da ake gasawa a kan kasko. Tudun nan da laushin da ake yabo sun zo ne bayan an sami hodar tashi. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Bamingam, Alfred Bird, ya haɗa irin tasa saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis. Matan wancan zamani sun karɓi baƙon abu, sun gwada, sun ga ya yi, suka shigar da shi cikin abin da za su bar wa 'ya'yansu. Da sun ƙi, da dattijuwata ba ta da abin kawo mini a faranti.

Ko a fada haka abin yake. A watan Agusta na 1959 shugaban Amurka Aizinhawa ya ziyarci Sarauniya Elizabet a fadarta ta Balmoral, aka ba shi wani nau'in sikon na kasko mai kama da fanke, ta yi masa alkawarin aika masa yadda ake yi. A Janairun 1960 ta aika. Ma'aunin da kofin shayi ne, an ƙiyasta zai ishi mutum 16. Amma ba ta bar takardar ita kaɗai ba. A wasiƙar da ta rubuta da hannunta ta ƙara abin da ma'auni bai faɗa ba: yadda take rage fulawa da madara idan mutane ba su da yawa, cewa ta gwada ruwan sukari mai kauri ya yi daɗi, cewa ƙullin na son bugu sosai kuma kada a bar shi ya daɗe a ajiye. Duk wadda ta taɓa ba wa ƙanwarta yadda ake wani girki ta san wannan ƙarin bayani na ƙarshe, wanda ake yi a bakin ƙofa ana sallama.

Na dawo gida na iya sikon, sai abin ya dame ni. Na tsallaka teku na karɓi gadon wata, alhali nakiyar kakata ta tafi tare da ita. Mun ci ta a kowane biki, tana wata da watanni ba ta canja ba, kuma a cikin jikokinta mata babu wadda ta zauna kusa da turmin ta ga adadin man shanu, ko lokacin da ake sa kayan ƙamshi. Kwalbar zuma tana jira ko shekara nawa ne. Abin da ke hannun tsohuwa ba ya jira haka, ranar da aka rufe ta an rufe da shi. Yanzu idan za a kai gara sai a ba da kwangila ga masu sana'a, a kawo alkaki da dubulan cikin robobi. Sana'a ce mai albarka, mata da yawa da ita suke riƙe gida. Haka matan da ke koyar da girki a YouTube da TikTok, sun ceto abubuwa da dama daga ɓacewa, ni ma ina kallonsu. Sai dai bidiyo bai san alkamarka ba, bai san zafin garinku ba, kuma ba zai riƙe maka wuyan hannu ba a daidai lokacin da ya kamata ka tsaya.

Saura Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda alkakinta ake jira a danginmu. Na je mata da sikeli da littafi da biro. Ta dube su ta ce, "Ajiye waɗannan tukuna, 'yar nan. Wanko hannu." An riga an ɓarzo alkamar, ta murje ta da mai, muka kwaɓa muka rufe ya kwana. Da asuba ta buɗe, ta shinshina, ta ɗanɗana a kan harshe, ta miƙo mini. Ta ce in riƙe wannan tsamin a bakina, shi zai gaya mini yawan ruwan kanwar da za a sa, don na rani da na hunturu ba ɗaya ba ne. Hannun da aka koya wa sassauci a Niyukasil, nan aka ce ya sa ƙarfi, domin alkaki sai ya sha murza kafin ya yarda a naɗe shi bai tsinke ba. Da muka zo dafa sukari ta jefa tsamiya a ciki, ita ce ke hana shi daskarewa a jikin alkakin. Na tambaye ta minti nawa zai yi a wuta.

Ba ta amsa ba. Ta ɗebo kaɗan a ludayi, ta bari ya huce, ta kama hannuna ta ɗiga mini tsakanin babban yatsa da manuni, ta matse su, ta buɗe a hankali. Wani siririn zare ya miƙe ya tsinke.

"Bai yi ba," in ji ta. "Ƙara masa itace ɗaya, sai ki sake taɓawa ki gaya mini."