Rigar shan taba: ladabi ne ko rufa-rufa?

A harshen Hausa, kalmar «sutura» tana da fuska biyu: tufar da ake rufe jiki da ita, da kuma rufin asiri. Akwai wata riga a tarihin Turawa wadda ta haɗa ma'anonin nan duka, wato rigar shan taba ta attajiran Ingila.

Bayan yaƙin Kirimiya (1853-1856), inda sojojin Ingila suka yi cuɗanya da Turkawa, shan taba ya ƙara yaɗuwa tsakanin manyan Landan. Al'adarsu kuwa ita ce, in an gama cin abincin dare, maza su keɓe a wani ɗaki. A can mutum kan tuɓe kwat ɗinsa mai dogon bindi, ya sa wata gajera ta karammiski ko siliki, wani lokaci har da hula don kada gashi ya ɗauki wari. Rigar ce ke shan hayaƙi, ita ke tare toka. In ya gama sai ya tuɓe ta, ya koma wurin mata tsaf.

To, wannan ladabi ne ko munafunci? Mai saurin hukunci zai ce munafunci ne, tun da an ɓoye warin, ba a bar laifin ba. Amma adalci shi ne a auna mutum da abin da ya sani. Mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa iyakar cutar taba ga wanda ba ya sha ita ce wari, kuma sun ɗauki nauyin kawar da ita. Wanda ya sauya riga don kada ya takura wa iyalinsa ya amince cewa daɗin da yake ji yana da farashi, kuma bai kamata wani ya biya masa ba. Kunya ke nan, kuma kunya ba abin rainawa ba ce.

Sai dai rigar ba ta tsaya nan ba. A 1865, yarima mai jiran gadon Ingila, wanda daga baya ya zama sarki Edward na bakwai, ya sa gidan ɗinki na Henry Poole ya ɗinka masa gajeren kwat na siliki don cin abincin dare. Daga nan ake danganta asalin kwat ɗin biki, wanda har yau Faransawa ke kira «smoking», wato shan taba. A 1966 Yves Saint Laurent ya ɗinka wa mata irinsa. Rigar da aka yi don ɗakin ɓuya ta zama rigar shiga taro, kunyar da ta haife ta kuwa aka bar ta a ƙofa.

Ilimi ma ya sauya hukuncin. A 1950, Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da sankarar huhu, daga bisani kuma aka tabbatar cewa hayaƙin yana cutar har wanda ke zaune kusa. Karammiski ya kare kwat, bai kare ƙirji ba. A 2007 Ingila ta hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a: abin da ladabi ya kasa, doka ta karɓa.

Darasin ya wuce taba. Rufin asiri alheri ne muddin yana kare wanda ake gudun cutarwa. Ranar da muka san cutar na ratsa suturar tana isa gare shi, amma muka ci gaba da sauya riga kawai, to ba shi muke karewa ba, sunanmu muke karewa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.